Gayyar Kawu Jibo

Zuwa ga yayana Musbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Najwa da yara a can Jidda. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau, gwargwadon yadda zamani ya bari. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mini gori cewa jami'a ba ta koya mini gasa gurasar kisra ba. Abin da ka ji gaskiya ne, an kama Kawu Jibo. Abin da ba ka ji ba shi ne ya dawo gida ranar Talata da ƙafafunsa, bayan kwana tara. Ka sauke numfashi tukuna, sannan ka karanta sauran.

Ka san mutumin. A kambon nan na 'yan ƙwadago aka haife shi, kusa da Kamlin, kuma tun yana cirar auduga a gonar wasu yake tambayar abin da ya sa mu ke noma ƙasar amma ba mu da ko taku ɗaya a cikinta. Shekara arba'in ke nan yana yawon ofisoshi da jallabiyarsa ɗaya, yana neman a rubuta mu a matsayin ƙauye, a ba mu makaranta da rijiya. Makarantar da ni da kai muka fara, shi ya ƙwato ta da naci. Har yau kuma bai daina ɗabi'arsa ta zuwa taro da kwalbar ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, koren ruwan da muke sha, ya ajiye gaban babban jami'i ya ce bismilla ba. Sau biyu aka yi masa tayin fili a cikin gari don ya yi shiru, ya ce filin bai isa mutum ɗari bakwai ba. Duk wannan bai taɓa kai shi ɗakin tsaro ba. Kalma ɗaya ce ta kai shi.

Tun da yaƙi ya tsayar da injinan yashe tur'a, ciyawa da laka suka cike tamu. Aka ce za a saki ruwa nan da mako biyu, in ba a yashe ba ya wuce mu, dawar bana kuma sai labari. Sai Kawu ya ce a yi gayya irin ta iyayenmu. Ya yi shela a lasifikar masallaci bayan la'asar da Hausa, sannan ya tuna samarin yanzu Hausarsu ta gaisuwa ce, ya maimaita da Larabci. Kowa ya san gayya da Larabcin nan nafir ce. Amma Kawu ya ga nafir ta yi masa ƙanƙanta, ta tsofaffi ce, sai ya ɗauko wadda yake ji a rediyo kullum, ya ce istinfar. Yaya, kalmar da ake kiran mutane su ɗauki bindiga da ita. Ya kuma ƙara da cewa kowa ya fito da abin hannunsa. Lasifikar tana kaiwa har titi. Washegari motar jami'an tsaro ta zo ta tafi da shi.

Kwana shida muna zarya ofishin tsaro ni da matarsa Inna Lami, ba wanda ya yarda ya taɓa ganinsa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoro, domin a kwanakin nan ɗan kambo ba ya bukatar laifi mai yawa kafin a ɓatar da shi. Rana ta bakwai aka shigar da mu wurin wani jami'i mai ƙananan shekaru da babban tebur. Ya ce sun samu jerin sunayen mayaƙa a aljihun Kawu, rubuce da baƙaƙen Larabci amma cikin harshen sirri. Na duba, ashe ajami ne. Na fassara masa: Mati makaho zai yi kiɗa, Hindu za ta zo da tukunya biyu, Tahir ya aro shebur, Lami kuma wake, kada ta cika gishiri. Inna Lami ta ce wannan na ƙarshe ƙazafi ne, a rubuta. Jami'in bai yi dariya ba, ya ce ni 'yar ƙanwar Kawu ce, ba zai karɓi fassarata ba.

Sai da aka ƙara kwana biyu kafin wani ya tuna Widad, mai sayar musu da shayi a bakin ƙofa, Bahaushiyar Sinnar ce. Aka kira ta, jami'in da kansa ya riƙa haɗa baƙaƙen yana karanta mata. Da ya kai kan gishirin sai ta zauna a ƙasa don dariya, ta ce in wannan ce rundunar, to Allah ya ba ta nasara a kan ciyawa. Nan aka fito da Kawu, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Jami'in ya ce ya tafi, ya kuma riƙa auna kalmominsa. Kawu ya yi godiya, sannan ya ce tunda Allah ya kawo shi gaban hukuma ba tare da bin layi ba, yana da koke a kan ruwan da ake ba waɗanda ke tsare. Na ja hannun rigarsa muka fita, aka rufe ƙofar bayanmu da sauri. Hali zanen dutse.

An yi gayyar ranar Alhamis, mutum sun fi ɗari, har da samarin da suka zo don su ga mayaƙi. Jiya da hantsi ruwa ya shigo. Kawu ya tsaya a bakin tur'a yana kallo. Ya yi alkawarin daga yau shela da Hausa kawai zai yi, wanda bai gane ba ya tambayi kakarsa.

Inna tana gaishe ka da sa albarka. Kawu da Inna Lami suna gaisuwa, ita ta ce a gaya maka tukunyar wake ba ta yi ragi ba. Ka gaida Najwa, Ayman da Hanaa, da Baffa Sulaiman in kun haɗu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Sabah