Ba Wanda Ya Tambayi Akuyar

Ya Malam, inuwata a tsakiyar rani, ruwan kogin Rahad a maƙogwaron mai azumi,

Bayan sallama, da laifina zan fara. Jiya a sujadar Azahar sunanka ya riga tasbihi zuwa bakina, sunan da kunya ta hana ni furtawa tun ranar ɗaurin aurenmu. Na yi istigfari. Wace irin baiwar Allah ce wannan, da furfurarta, goshi a ƙasa, zuciya a gonakin Simsim inda kake?

Ka tuna ranar da na raka ka kasuwar hatsi ta Gadarif, masu gonaki suna ɗibar 'yan yankan riɗi? An zana ƙaho a jikin motar da za ka hau, yana amayar da zangarniya. Tsoho Iliya, wanda ya tuƙa wa Turawan Ingila tarakta, ya ce ƙahon yalwa suke kiransa a harshensu, kirarin ƙasar da abincinta ba ya ƙarewa. Asalinsa, in ji shi, tatsuniyar mutanen da ce: akuya ta shayar da wani jariri, ƙahonta ya karye, sai ya dinga zubo abinci har abada. Ka yi dariya, ka ce ashe da Gadarif suke. A nan na rantse maka ba zan kira ka gida ba sai an kakkaɓe damin ƙarshe.

Ni 'yar makiyaya ce, ya sanyin idona. Na ga karyayyen ƙaho. Jini yake zubarwa, dabbar tana kuka, ta ƙi kiwo. Wa ya tambayi Iliya yadda akuyar ta ƙare?

Gado, abokin yankanka, ya iso nan garinmu Mafaza. Ya ce tarinka ya soma fitar da jini, kana ɓoye shi a bakin rawani kada wakilin gona ya sallame ka. Wayyo ni! Motoci na wucewa maƙare da buhuna, ni kuwa na san daga ƙirjin wa suke zubowa. Ta yaya zan haɗiye gurasar kisra da aka toya da numfashinka?

Na san nauyin rantsuwa, na kuma ji tsoron Wanda na rantse da Shi. Duk da haka, wannan ban cika ta ba. Riɗi na tsaye a gona, ga ni ina kiranka. Azumin kaffara a kaina yake. Kai dai ka hau motar farko.

Taka, a wannan gida da wanda ba ya rushewa,
Ummusalama