Baba a Zanen Baturiya

Mairuwa, daren Laraba, lokacin kaka

Yau matar Baturen da ke aikin hanya ta zo zana Baba. Ni na yi masu tafinta, kuma har yanzu raina bai kwanta ba.

Baba ya fito da babbar rigarsa, ya tsaya jikin sabon babur ɗinsa. Sai ta ce a gusar da babur ɗin, ya tuɓe rigar, ya riƙe garma. Da kunya na faɗa masa.

Ya ce, "Tambaye ta, wa za ta nuna wa?"

Ta ce mutanen ƙasarsu ne, suna son ganin yadda muke.

Da ta juyo allon, wani tsoho na gani ba riga, gaban bukka. Mu kuwa tun bara muka yi rufin kwano. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce haka suke ranar da Di'o, Baturen mulki, ya sa aka kwashe su aikin haƙar kuza. Ita dai murmushi take ta yi. Ban san me za ta rubuta a ƙarƙashinsa ba.

Wai gobe Inna take so. Baba ya ce in gaya mata Inna ta tafi biki Faskari, kuma ba a san ranar dawowarta ba.