Kada Ka Sayar da Gonar

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin? Yaya Inna, yaya Anti Rabi da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi wa likitan da nake tuƙawa maganarka muna hanyar zuwa unguwar Mushairib. Na ce masa tun hatsarin babur da ya taɓa maka laka ba ka sake takawa ba, ga wani yana cewa allurar ƙwayoyin halitta za ta tashe ka. Likitan ya ce daga ɗan tayi na 'yan kwanaki ake samo su, malamai ma sun saɓa a kai, kuma har yanzu gwaji ake yi. Sannan ya ce, "Ka ce masa kada ya sayar da gonarsa saboda wannan allurar."

Na san ni ne mai ɓoye maka takalma a masallaci, amma wallahi wannan ba tsokana ba ce.

Na sayo maka sababbi a kasuwar Souq Waqif. Su ma na ɓoye su, sai ranar da Allah ya sa ka biyo ni da ƙafarka.

Inna ta sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanenka,
Ɗanladi