Na Ce "Yakan Cire" Maimakon "Ya Cire"

Anti, don Allah ki taimake ni, ina cikin tsaka mai wuya.

Ranar Talata da safe, a masana'antar katakon da nake aiki, zarton inji ya cije. Da idona na ga Kawu, dattijon da ya samo mini aikin nan, ya cire murfin kariya don ya zaro guntun da ya maƙale. Injin ya zabura, ya ɗauke masa yatsu biyu. Shekara biyu ina tsaye kusa da shi, bai taɓa cire murfin nan ba sai ranar. Mutumin da ko hular kwanonsa sai ya goge kafin ya sa!

A nan Sifaniyanci ake yi, ni kuwa ko firamare ban gama ba, ajin koyon yaren na ranar Asabar nake lallaɓawa. Da manaja ya kira ni ofis kan maganar cire murfin, na ce "quitaba". Sakatariya ta ɗago ta dube ni, ta sake tambaya, na maimaita, don a ganina abin da ya wuce duk ɗaya ne. Ta rubuta, na sa hannu.

Sai ranar Asabar malamarmu ta zo kan darasin. Ashe "quitó" shi ne ya cire sau ɗaya, "quitaba" kuwa ya saba cirewa. Biro ya suɓuce mini. Yanzu ranar Alhamis za su zauna kan korar Kawu, wai ganganci halinsa ne, kuma takardata ce hujja. Jiya a asibiti yana ta sa mini albarka, na kasa haɗa ido da shi.

In na koma ofis don in gyara, ina tsoron su ce na sauya magana don namu ne, su sallame mu tare, ga mahaifiyata da ƙanne uku a wuyana. In na yi shiru kuma, da wane baki zan gaishe shi? Ba ni kaɗai na gani ba. Direban motar ɗaga kaya yana wurin, da matar da ke shara, sai Allah.

Daga Mai Fargabar Alhamis

Ɗana,

Tsoronka ba na banza ba ne, kuma su ma ba sharri suka ƙulla ba, abin da ka faɗa suka rubuta. Amma tuntuɓen harshe daban, ƙarya daban. In ka yi shiru bayan ka gane, a nan tuntuɓen zai zama ƙarya.

Kada ka jira Alhamis. Fara gaya wa Kawu da bakinka. Sannan ka roƙi malamarku ta taya ka rubuta gyara, ta shaida ranar da kuka yi darasin. Kada ka wanke shi fiye da kima: ya cire murfin, faɗi hakan, ka ƙara "una vez", wato sau ɗaya. Direban da mai sharar, ka roƙe su su faɗi iya abin da suka sani game da aikinsa.

Nahawun kuwa, ai kana da shi a bakinka tun kana goye: "ya cire" da "yakan cire". Kafin ka furta, tambayi kanka, sau ɗaya ne ko al'ada? Daga yau kuma kada ka sa hannu a irin wannan takarda ba tare da tafinta ba.

Ban san hukuncin da za su yanke ba, amma gara su yanke shi a kan gaskiya. Allah ya ba Kawu lafiya, ya tsare muku abincinku, ya ƙarfafa maka zuciya a ƙofar ofishin nan.