Katin da Ya Ƙi Raba Intanet

Daren Laraba, unguwar Umarari

Tun da aka yanke layukan waya, intanet ɗin dish na shagona kaɗai ya rage a unguwa. Na so kwamfutata ta watsa shi ga wayoyin maƙwabta, amma direban katin wayales ɗin, wato manhajar da ke sarrafa katin, karɓa kawai ya iya, ba ya rabawa. Katin da zai yi yana Kano. Wa zai bi hanyar Damaturu yanzu saboda kati?

Maƙwabciyarmu Ya Falmata ta sake zuwa. A wayarta kaɗai saƙon ɗanta zai shigo, in ya tsira daga Baga.

Na ce, "Gobe in sha Allahu."

Ta ce, "Jiya ma haka ka ce, ɗana."

Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi.