Akwatin Ila

Tanut, ranar Laraba

Zuwa ga yayana Abdulgafar,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Mu'minat da yara. Yaya ciwon bayan nan naka, ya yi sauƙi? Yaya Damagaram da zafi? Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na ba Idris direba takardar nan ne don maganar ba ta waya ba ce. Katangar gidanmu gajera ce, in na ɗaga murya maƙwabta sun ji.

Ka san halin Baban Balki da katako. In ya dawo daga allurar dabbobi ba ya zama, sai rumfar bayan gida, shi da abokinsa Mushe Falalu, malamin nan da ke koyar da yara a lakwal, da zarto da guduma. Ba sana'arsu ba ce, ko kujera ɗaya ba su taɓa sayarwa ba. Su dai su yi, a yaba, su ji daɗi. Kai ma da ka zauna a kujerarsa bara ka ce ya kusa korar kafintocin Damagaram daga kasuwa, kuma har kwanan nan yana maimaita maganar.

To akwai wani mutum, Ila, da ya dawo daga Libiya bayan shekaru masu yawa, ya kama ɗaki a bayan tasha. An ce wani Bamisire ne ya koya masa aikin katako a can. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci su biyun suka tafi wai su ga gwanin. Da dariya suka fita. Baban Balki ya dawo shi kaɗai, na sa masa abinci bai ko buɗe ba. Da la'asar sai na ji sara. Na fito na tarar ya ɗauki gatarin faskare ya raba teburinmu biyu. Daga nan ya shiga ɗaki ya hau kantar da ya yi mini, tasoshina suka zubo, tangaran ɗin da Inna ta bar mini ya tarwatse. Balki tana kururuwa. Na riƙe hannunsa, ya wancakalar da ni na bugu da bango, gwiwar hannuna ta fashe. Yaya, tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ko ɗaga mini yatsa ba. Wani tsinken katako ya tsage masa goshi, jini na shiga idonsa, bai daina ba sai da ya gama da kujerun tsakar gida. Sa'an nan ya zauna cikin tarkacen ya ce, “Zuhaira, ashe itacen girki nake tarawa, kuna ce mini gwani.”

Washegari na ja Balki muka bi ta bayan tasha, don in ga abin da ya haukata mini miji. Ila bai hana ni ba. Akwati ne yake yi wa mahaifiyarsa da ke Gangara. Babu fenti a jikinsa, babu ƙusa. Gutsattsarin itace ne, wani bai kai ƙwayar wake ba, baƙi na kanya, ja na ƙirya, fatsi-fatsi na aduwa, da farin ƙashin raƙumi, duk an dasa su cikin katakon sun zama taurari, kowane tauraro da wani a cikinsa. Na rufe ido na shafa, ban ji mahaɗi ko ɗaya ba, sumul kamar bayan ƙwai. Na gane abin da ya sami Baban Balki, amma gwiwar hannuna ba ta daina zogi ba.

Don Allah kada ka kira shi. Na gaya maka ne don in rage nauyin ƙirjina. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Zuhaira

Tanut, ranar Asabar

Yayana Abdulgafar,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina iyali, ina gajiyar aiki? Saƙonka ya iso, na gode da man shafawa, Allah ya bar zumunci. Hannun ya warke.

Baban Balki ya ba ni haƙuri har da hawaye, na yafe. Yanzu kullum da yamma yana wajen Ila. Da farko Ila ya ƙi, ya ce shi ba ya koyarwa. Da naci ya yi yawa sai ya miƙa masa guntun ƙirya da magagari, ya ce ya goge masa gefe ɗaya ya miƙe. Ya goge, Ila ya ɗaga a hasken rana, ya jefar. Haka suke har yau, ya goge a jefar. Abin mamaki, da fara'a yake dawowa. Mutumin da ke yi wa bijimai allura ba ya tsoro, ga shi yana rawar jiki a gaban guntun itace. Ya ce mini wata rana Ila ya tuɓe riga saboda zafi, ya ga bayansa duk tabon bulala, a gari ana cewa na wasu mutane ne da suka tsare shi a hanyar dawowa. Ila bai yi bayani ba, shi ma bai tambaya ba.

Mushe Falalu kuwa abin ta wata hanya ya kama shi. Tun ranar bai sake taɓa zarto ba, kuma ba ya son a ambaci Ila. A fadarsu ta shan shayi ya ce babu mai hankalin da zai ɓata wannan lokaci a kan akwatin tsohuwa, wai Ila ya biyo ta Jado wajen masu haƙar zinariya, akwatin ƙasa biyu gare shi, adon na rufe idon mutane ne. Baban Balki ya ce ya janye. Falalu ya ce, “Kai da ka zama yaron shago me ka sani?” Sai kokawa. Suka ture butar shayi, garwashi ya ƙone ƙafar Falalu, shi kuma nawa ya dawo da leɓe a kumbure da riga a yage. Abotar tun ƙuruciya ce fa, Yaya.

Abin da ya fi damuna, maganar ta bar fada. Jiya a kasuwa mai sayar da cuku ta ja ni gefe tana tambaya wai da gaske ne mijina ya ga zinariyar da idonsa. Na rantse mata babu, ta yi murmushi irin na wadda ba ta yarda ba.

An gama akwatin. Ranar kasuwar Gangara za su kai wa tsohuwar, Baban Balki zai taya shi ɗauka. Ni ma zan bi su in gaida Gwaggo Hauwa, in kana da saƙo ka aiko. Balki tana gaishe ka.

Taka,
Zuhaira

Likitar Tanut, ranar Talata

Yaya,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Kada ka nemi wayata, an ƙwace. Ina raye, Baban Balki yana raye, Balki dama a gida na bar ta wajen maƙwabta. Ka yi haƙuri da rubutun.

Mun tashi da hantsi a motar 'yan kasuwa mai buɗaɗɗen baya, mutane da awaki da buhuna, akwatin a nannaɗe cikin bargo tsakanin ƙafafun Ila. Akwai wani kwari da yashi ke riƙe mota. Muna shiga sai babura suka fito daga bayan itatuwa, mutane da bindigogi, fuskokinsu a naɗe. Suka harbi taya. Direba ya buɗe ƙofa, suka sa masa gindin bindiga a baki, haƙoransa suka zubo. Aka ce kowa ya kwanta rub da ciki. Yashin kamar a kasko.

Ba su fara tambayar jakar kowa ba. Babbansu ya ce, “Ina mai akwatin Jado?”

Suka jawo akwatin ƙasa. Ila da kansa ya buɗe musu. Zane ne a ciki da darduma da carbi, tsarabar tsohuwa. Suka watsar, suka ce ya buɗe na ƙasan. Ya ce, “Wallahi babu wani ƙasa, itace ne kawai.” Suka mare shi, ya sake faɗa. Ɗaya ya zaro gatari daga kayan wani ɗan kasuwa. Da Ila ya ga an ɗaga, sai ya faɗa kan akwatin ya shimfiɗa hannayensa a murfin, yana cewa su ɗauke shi duka su tafi da shi, kada dai su fasa. Mai gatarin bai tsaya ba.

Na ji ƙarar, Yaya. Ban san ƙashi da katako suna ƙara iri ɗaya ba.

Baban Balki ya zabura ya rungumi mai gatarin. Suka taru a kansa, gindin bindiga a fuska, takalmi a haƙarƙari, har ya daina motsi. Na tashi zan je, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta danne kaina cikin yashi, ta ce in kika motsa sun kashe ki. Ta ƙarƙashin hannunta na ga sauran. Suka sassare akwatin, suka bi gutsattsarin ɗaya-ɗaya, har wani yana gatsa farin ƙashin da haƙori ko zinariya ce aka shafe. Da ba su sami komai ba babban ya fusata, ya ce Ila ya raina musu hankali, ya taka hannunsa na hagu a kan dutse ya buga da bayan gatarin. Sa'an nan suka kwashe wayoyi da abin da ke aljihun mutane, suka harbe wata akuya da ta dame su da kuka, suka tafi.

Da ɗankwalina da mayafina na ɗaure wa Ila hannayen. Bai yi kuka ba, idonsa na kan taurarin nan da suka warwatsu cikin yashi da jini. Wani Bafulatani mai amalanke ya fitar da mu zuwa inda jandarmomi suka same mu.

Baban Balki ya karye a haƙarƙari, idonsa ɗaya a rufe, amma likita ya ce zai warke. Ila kuwa babban yatsa kaɗai ya rage a damansa, hagun kuma ya dagargaje, suna jira kumburi ya sauka su aika da shi Damagaram. Mahaifiyarsa ta iso jiya. Ba ta taɓa ganin akwatin ba, ba ta kuma tambaya ba. Tana zaune tana ba shi kunu a baki.

Ku sa mu a addu'a.

Zuhaira

Tanut, ranar Lahadi

Yayana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na so in rubuto maka cewa mun koma gida lafiya, Allah bai nufa ba. Baban Balki yana hannun jandarmomi.

Ranar Alhamis aka sallame shi. Tun a likita ba ya magana, na ɗauka ciwo ne. Muna isa gida na shiga ɗora ruwan zafi, na fito ba ya nan, ƙofar rumfa a buɗe. Lakwal ya nufa da guduma a cikin riga. Ya tarar da Falalu a aji yana rubutu a allo. A gaban yara ya shaƙe shi, ya danne hannunsa a kan tebur, ya buga, ya sake bugawa. Yara suka yi ta dirowa ta taga suna ihu. Da sauran malamai suka shigo sun same shi zaune a ƙasa, ya ajiye gudumar, yana jiran a zo a tafi da shi.

Aminatu matar Falalu ta zo ƙofar gidana. Na shirya jin zagi, ba ta zage ni ba. Ta ɗaga rigar mijinta da ta jiƙe da jini ta nuna mini, ta ce tun ranar da labarin Gangara ya iso bai ci abinci ba, yana ta cewa shi da wasa ya faɗa, yana neman ƙarfin zuciyar da zai je ya durƙusa wa Ila. Ta juya ta tafi. Tare muka yi goyon fari da matar nan.

Na je likita na gaya wa Ila. A raina na zaci zai ji sanyi an rama masa. Ya juya fuska bango. Sai ya ce, “Guntun da mijinki ya goge ranar da za mu tafi ban jefar ba, ya miƙe. Na yi niyyar in mun dawo in fara nuna masa yankan ƙashi. Ki gaya masa, ni da shi hannu biyu suka rage mana, ya je ya ɓata su a jikin mutum.”

Jiya da na kai wa Baban Balki abinci birgadi, inda jandarmomi suka tsare shi, na gaya masa, ban rage ko kalma ba. Ya dubi hannayensa, sai ya mayar da su bayansa kamar yaron da aka kama da ɓarna. Na miƙa masa kwanon ta tsakanin ƙarafa, ya kasa fito da su ya karɓa. Jandarman da ke gadi ne ya karɓa ya ajiye masa a ƙasa.

An ce cikin makon nan za a kai shi gaban alƙali. Dangin Falalu sun ce ba za su saurari mace ba, sai namiji daga wajenmu. Ba ni da kowa sai kai. Ka zo, Yaya, ko da motar gobe ce. Ka gaida Yaya Mu'minat da yara, ka ce su yafe mini rashin kira.

Ƙanwarka mai jiranka,
Zuhaira