Waina a Madadin Kek

Limawa, Jimeta,
3 ga Afrilu, 1970.

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Maiduguri? Namu dai ka san shi, ko ruwan randa ɗumi gare shi.

Takardarka ta iso ranar Talata, na karanta na yi ta dariya ni kaɗai. Wato daga zuwa gidan shugaban ofishinku ka ga an yi wa yaro bikin ranar haihuwa, shi ke nan mu ma sai mun yi wa mutuniyarka, 'yar tamu, kek da kyandir biyu, a ɗauki hoto a aiko maka. To, na ji. Ni ban taɓa ganin kek ba sai a littafin makaranta, amma Keturah maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta ce ta iya tun tana Numan.

Akwai maganar da na so in ɓoye maka, na kasa. Gogo ta aiko daga Yola. Ta ce yarinya na cika shekara biyu za ta zo ta tafi da ita yaye, kuma ta zauna wurinta ke nan, kamar yadda ta karɓe ka daga hannun mahaifiyarka kana ƙarami. Na san ƙanwar mahaifinka ce, na san 'yar fari ba a bar wa uwa. Na ce to. A gaban mutane ko wasa ba na yi da yarinyar nan don kunya, balle in buɗe baki in ce ba na so. Amma kai zan gaya maka, ba na so. Tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Ka gaida abokan aikinka. Allah Ya tsare.

Matarka,
Aishatu.

Limawa, Jimeta,
14 ga Afrilu, 1970.

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, mu duk lafiya lau, sai kewa.

Kek ɗinka ya ba mu wuya. Ni da Keturah muka ɗebo yashi daga bakin kogi, muka zuba a tukunya, muka ɗora kwanon kwaɓin a kai, muka rufe muka tara garwashi a kan murfi. Ƙwan zabi shida na fasa, da man shanun da nake tattali. Na farko ya fito sama baƙi ƙirin, ciki kuwa kunu. Na biyu ya gasu, amma da za ka jefi akuya da shi sai ta sume. Na gutsura wa mutuniyarka, ta ɗanɗana, ta tofar, ta kai wa kaji sauran. Keturah ta yi dariya har da hawaye, sannan ta faɗi gaskiya, ashe kallo kawai ta taɓa yi ana gasawa.

Saboda haka ka yi haƙuri, waina zan yi. Ita ce abin da yarinyar nan ke so, tana jin ƙamshin tanda take taho da gudu tana miƙo hannu. Zan jera manya a ƙasa, ƙanana a sama, har ta yi tudu. In a hoto ne, wa zai gane?

Saura kwana tara. Jiya na wanke kayanta na ninke, sai na tsinci kaina na sake warwarewa.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Aishatu.

Limawa, Jimeta,
4 ga Mayu, 1970.

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka gafarce ni da shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi riƙe alƙalami.

An yi biki. Gogo ta iso tun da hantsi da goran zuma, tana mita wai tun da take ba ta taɓa jin an tara mutane don yaro ya ƙara shekara ba. Ba ta gama mitar ba ta leƙa ƙullina ta ce ya yi ruwa, ta ture ni ta zauna gaban tanda. Ita ta soya, ita ta jera a kan tire, ta kwarara zuma daga sama. Kyandir kam ta hana, ta ce ba a hura abinci da baki. Dabino biyu ta ɗora a maimakonsu, kuma wallahi ya fi kyau.

Yaran gidan suka zauna a tabarma, Albert mai hoto ya kafa na'urarsa. Ni ina can bakin madafa na raɓe, kamar yadda ya kamata. Mutuniyarka ta cafko wainar da ke can sama, zuma na bin hannunta har gwiwa. Gogo ta miƙa hannu tana kiranta, yarinya ta wuce ta, ta ratsa mutane ta zo ta cusa mini a baki. Kamata ya yi in kau da kai. Ban kau ba. Na ci, na sungume ta, na fashe da kuka a gaban surukata da baƙi. Daidai nan Albert ya ɗauka, ga hoton nan na sa maka, kada ka nuna wa kowa.

Washegari Gogo ta goya ta suka tafi. Kwana tara gidan nan shiru, ƙirjina ya kumbura har sai da Keturah ta ɗaure mini da zane.

Jiya da azahar sai ga Gogo da yarinya a baya da ƙullin kaya a ka. Ta ce an yaye, in karɓi abata, ta cika ci, ta fasa mata ƙwarya biyu, ita ta tsufa ba za ta iya ba. Amma na ga yarinya ta yi ɓulɓul, an yi mata kitso, an sa mata lalle a ƙafa, ga sababbin awarwaro. Da Gogo za ta tafi ta ƙi kallon inda yarinyar take.

Na raka ta tasha. Sai da mota ta kusa cika, ba ta dube ni ba, ta ce ranar da ta ɗauke ka mahaifiyarka ma ta yi kuka, a bayan ɗaki. Ta ce ta ji ta sarai, ta yi kamar ba ta ji ba, kuma shekara talatin ke nan tana jin kukan.

Don Allah ka rubuta mata. Kada ka yi mata godiya, za ta ji haushi. Ka dai tambayi lafiyarta, ka ce kana kewarta, ita kaɗai ta koma gidanta.

Mutuniyarka na gaishe ka, ga ta nan tana ja mini zane. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Aishatu.